Giya, goro da kwinin: yadda kuɗin kwastan ya riƙe asibitin Ikko a zamanin Turawa

Duk wanda ya taɓa shiga Idumota ko Balogun sarin kaya ya san cewa Legas gari ne da teku ke ciyarwa, to amma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shine a zamanin mulkin Ingila har asibitin garin ma daga bakin ruwan nan yake cin abinci. Albashin likita, gadon majinyaci, kwalbar kwinin, har takalmin duba-gari, kusan duk daga kuɗin kwastan ake fitar da su, shi kuma kuɗin kwastan mafi yawansa daga giya yake fitowa. Eh giya, barasa dai da ka sani.

Bari mu faro daga tushe. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta suka kori sarki Kosoko suka maida Akitoye, bayan shekara goma a 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa musu garin. Ikko, kamar yadda iyayenmu fatake suke kiranta, lokacin ƙaramin tsibiri ce mai fadama da sauro, ƙidayar 1866 ta samu mutum wajen 25,000 ne kawai. Kuma abin mamaki wannan gari da ake kira tashar jiragen ruwa, manyan jiragen ba sa iya shiga cikinsa, saboda akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa a daidai bakin shiga, igiyar ruwa na dukansa ba dare ba rana. Sai dai jirgi ya tsaya can waje a riƙa jidar kaya da ƙananan jirage, ko kuma ya wuce tashar Forkados a bakin kogin Kwara a sauke a can a sake lodawa a dawo da su baya. Sai wajen 1908 aka duƙufa gina katangun dutse cikin teku, ana kwaso duwatsun a jirgin ƙasa daga wajen Abekuta, sannan a 1914 babban jirgin wasiƙu ya fara shiga har ciki. Tashar Apapa kuwa sai 1926 aka gama ta. Kaga kenan shekara hamsin ana ciniki da wahalar sauke kaya sau biyu, kuma mai saye na ƙarshe shi ke biyan wannan wahalar a cikin farashin ƙyalle.

Me ake shigowa da shi? Na farko yadi, daga masaƙun Manchesta, akoko da alawayyo da atamfa iri iri. Sai gishiri daga Libaful, taba ganye, bindiga da albarushi, tasoshi da tukwanen ƙarfe, daga baya kananzir da ashana da kwanon rufi da sabulu. Akwai lokacin da har kuɗin kansa kayan shigowa ne, dan kamfanin O'Swald na Hamburg ya riƙa ciko jirage da wuri daga gaɓar Zanzibar yana zubewa a kasuwa har wuri ya yi arha ya rasa daraja, ɗaukarsa ma ta zama asara, daga ƙarshe a 1904 gwamnati ta hana shigo da shi. Sai kuma uwa uba giyar Jamus da Holan, mai arhar gaske, a cikin koren akwati. Ta yi yawan da a wurare da dama na kudu akwatin giya ya koma kuɗi, ana biyan sadaki da shi ana biyan tara da shi, akwati ya yi ta zagaya hannuwa shekara da shekaru ba a buɗe shi ba. Abin da ke fita kuwa manja ne da ƙwarar kwakwa, manja ya tafi Ingila a yi sabulu da kyandir, ƙwarar kuma yawanci Hamburg take nufa, sai daga baya roba da koko, bayan dogo ya kai Kano a 1911 kuma gyaɗa da fatu da ƙiraga suka fara gangarowa.

To amma Bature da kantinsa a bakin Marina ba shi da yadda zai yi ya kai ƙyalle ɗaya ƙauye. Ba ya jin yare, ba ya iya kwana a daji, zazzaɓi na jiransa. Saboda haka cinikin gaba ɗaya a kan bashi ya tsaya. Kamfani irin su Janhol ko Gaiser ko Ollivant zai ba babban ɗan kasuwa na gari kaya bashi, shi kuma ya rarraba wa na ƙasa da shi, su kuma su ba mata, mata su loda a kwale-kwale su nufi kasuwannin bakin tafki irin su Ejinrin da Ikorodu da Epe da Badagiri, a can a yi musaya da manja, manjan ya biyo wannan hanyar ya dawo har ya isa ma'ajiyar Bature a soke bashin a ɗauki sabo. Manyan da ke tsakiya da yawansu 'yan Saro ne wato 'yantattun bayi da suka dawo daga Saliyo, da Aguda da suka dawo daga Burazil, da kuma 'yan gari irin su Taiwo Olowo. R. B. Blaize yana cikin mafi arziki a zamaninsa, Muhammadu Shitta Bey kuma da kuɗin kasuwanci ya gina masallacin nan da aka buɗe a 1894 a titin Martins. Amma ni a ganina ainihin masu riƙe da kasuwar matan nan ne na Ereko da Ebute Ero, su ne masu fasa dila su sayar da yadi kamu kamu, su fasa kwalin ashana su ƙirga tsinke, su auna kananzir a murfin kwalba, in babu su kayan Manchesta sai dai ya ruɓe a sito.

Wannan tsarin yana tafiya lafiya ne muddin manja na da tsada. Da farashinsa ya faɗi a Turai a shekarun 1880 sai riba ta tsuke, kowa ya fara ganin laifin na tsakiya, kamfanoni suka matsa wa gwamnati lamba wai Yarabawan Ijebu da Egba suna tare hanya suna karɓar kuɗin fito. A 1892 gwamna Carter ya tura yaƙi Ijebu aka fasa hanyar da ƙarfin bindiga, kuma a cikin sojojin da suka yi aikin akwai dakarun Hausawa, rundunar da Glover, Baturen da ya mulki Ikko, ya kafa tun 1863 daga bayin da suka gudo, wadda ita ce tushen sojan Najeriya. Bayan shekara uku a 1895 kamfanin jiragen Elder Dempster da na Woermann na Jamus suka haɗa kai suka ƙulla yarjejeniya, duk wanda ya yi lodi a jiragensu kaɗai za a maida masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin dako amma sai bayan watanni, in ya kuskura ya loda a jirgin wani a tsakanin sai ya rasa. Ƙaramin ɗan kasuwa baƙar fata mai son ya yi odar kayansa da kansa daga Libaful ina zai iya da wannan, a hankali aka mayar da su 'yan kamasho da akawuna. Zuwa 1929 da manyan kamfanonin suka narke suka zama UAC, magana ta ƙare.

Yanzu ga inda lafiya ta shigo. Gwamnatin Ikko ba ta karɓar haraji a kan mutum, ba jangali ba kuɗin ƙasa irin na Arewa, dan ta san 'yan garin ba za su yarda ba, sai can a shekarun 1920 aka fara harajin albashi. Ingila kuma ƙa'idarta kowace ƙasar mallaka ta ci da kanta. Saura me kenan, kwastan. Kuma a cikin kwastan, harajin giya kaɗai a shekaru da dama kafin yaƙin duniya na farko yana kawo sama da rabin kuɗin shigar gwamnati. Limaman coci irin su Bishop Tugwell sun yi ta ihu a hana, har aka kafa kwamitin bincike a 1909, kwamitin ya zagaya ya ji shaidu ya dawo ya ce shi bai ga wata ɓarnar da ta kai a hana ba. To dama wa ya yi tsammanin wani abu daban, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Mu ma 'yan Arewa kada mu yi saurin yin tsaki, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da wannan giyar ƙasarmu gaskiya ne, amma gwamnatin Lugga a Zungeru ba ta iya riƙe kanta, kowace shekara sai an kawo mata tallafi daga Ingila da kuma wani kaso daga kuɗin kwastan na kudu, kuma wannan gibin yana cikin manyan dalilan haɗewar 1914.

Tunda kuɗin daga tasha yake fitowa, aikin lafiyar ma tashar ya fara yi wa hidima. Tun asali abin da ya dami Turawa shine yadda suke mutuwa kamar kiyashi a wannan gaɓar. Tafiyar Dakta Baikie a kogin Kwara da Binuwai a 1854, inda ya riƙa ɗura wa mutanensa kwinin kullum kuma ko mutum ɗaya bai mutu ba, ita ta nuna wa 'yan kasuwa cewa ana iya zama a yi ciniki. Kuma ka duba wa ya zuba kuɗin kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a 1898, Alfred Jones ne, mai kamfanin Elder Dempster ɗin nan, wanda kuma shi ne ke bayan bankin British West Africa da aka kafa a 1894. Mutum ɗaya, jirgi nasa, banki nasa, makarantar likitoci da kuɗinsa. Ba wai ina cewa ba a amfana da binciken ba, an amfana sosai, amma ruwa ba ya tsami banza, duk akawun Bature da zazzaɓi ya kashe asara ce a littafin kamfani. Asibitin gwamnati na cikin tsibirin ma haka layin yake, Bature ma'aikaci a gaba da ɓangarensa daban, sai soja da ɗan sanda da ma'aikacin gwamnati baƙar fata, sai fursuna, talakan gari shi ne a ƙarshe, shi sai dai ƙananan ɗakunan shan magani irin na Ereko da na titin Massey.

Sai dai in an tsaya a nan an yi wa tarihin rashin adalci, dan akwai mutanen da suka ja abin ta wata fuskar. Gwamna William MacGregor da ya zo a 1899 shi kansa likita ne, ya zo jim kaɗan bayan likitan Ingila Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke ɗauko zazzaɓi, Ross ɗin ma ya ziyarci Ikko a 1901. Shawarar da ake bayarwa daga Landan a lokacin ita ce a raba unguwa, Turawa su koma nesa da yaran baƙar fata dan wai a jininsu sauro ke ɗebo cutar. MacGregor ya ƙi. Ya ce a gyara garin gaba ɗaya, ya sa aka cike fadamu aka haƙa magudanar nan da ake kira da sunansa, aka riƙa raba kwinin kyauta, aka sa darasin tsabta a makarantu, ya kuma goyi bayan ƙungiyar matan gari masu ilimi da ke shiga gida gida suna kai wa yara magani. Amma tafiyarsa ke da wuya aka koma ga shawarar farko, dan ita ta fi arha, zuwa dokar garuruwa ta 1917 har an rubuta cewa a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta mutanen gari, wai nisan da sauro ba zai iya ƙetarewa ba. Daga nan Ikoyi ta samo asali, da duk wata jiyare da ka sani a Kano da Kaduna da Jos. Abin dariyar kuma kuku da boyi da mai gadi duk a bayan gidan Baturen suke kwana.

Su kuma likitoci baƙar fata wani labarin ne mai ɗaci. Tun shekarun 1870 Nathaniel King ya dawo da takardar likita daga Birtaniya, bayansa Obadiah Johnson da John Randle da Oguntola Sapara da Orisadipe Obasa. Randle ya karanta a Edinbara, ya shiga aikin gwamnati, ya tarar ana biyansa wajen rabin abin da ake ba Bature mai takarda irin tasa, ya yi ƙorafi, a 1893 aka sallame shi bayan ya ƙi zuwa aiki Ijebu Ode, sai ya buɗe nasa wurin ya yi kuɗi fiye da da. A 1902 da aka haɗe aikin likitocin Afirka ta Yamma wuri ɗaya sai aka rubuta ɓaro ɓaro cewa sai mai jinin Turawa za a ɗauka. Alhali aikin da Sapara ya yi babu Baturen da zai iya shi, mutumin nan shiga ya yi cikin ƙungiyar masu bautar Sopona, dodon agana, a ɓoye, ya fito ya ba da rahoto cewa wasu bokayen ƙungiyar suna yaɗa cutar da gangan da ɓawon ƙurajen mamata dan su ne ke gadar kayan wanda agana ta kashe, a kan haka aka haramta ƙungiyar. Shi ne kuma ya dage a kan kula da mata masu ciki da jarirai har ɗakin maganin Massey ya zama asibiti a 1926.

Wani wurin da abin ya cakuɗe shine ruwan famfo. Rijiyoyin tsibirin gajeru ne kuma kusa da shadda, gudawa da atini na kashe yara, kowane likita ya san ruwa mai kyau ya fi kowane magani. Amma da gwamnati ta ce za ta jawo ruwa daga Iju kuma masu gidaje ne za su biya, a 1908 gari ya tashi, kasuwanni suka rufe, kuma wa ke gaba, likitoci biyu, Randle da Obasa, su suka kafa ƙungiyar People's Union. Hujjarsu ita ce an sa wutar lantarki tun 1898 kuma unguwar Turawa ta fi kowa morewa, yanzu ma haka za a yi, wanda zai sha ruwan ya biya. An buɗe Iju a 1915, rigimar kuɗin ta sake tashi a 1916. Ni dai ina ganin duka ɓangarorin suna da gaskiya, ruwan ya ceci rayuka, kuma zargin nasu ba daga sama ya faɗo ba. Haka duba-gari, wanda Yarabawa ke kira wole-wole, zai shigo har ɗaki ya leƙa randa, in ya ga tsutsar sauro a kai mace kotu a ci ta tara, yawancin waɗanda abin ke faɗawa kansu matan kasuwar nan ne, shi ya sa a idon talaka aikin lafiya ya fi kama da ɗan sanda fiye da mai magani.

Maganin da talakan ke sha kuwa, in ba na gargajiya ba, daga kanti yake saye ba daga asibiti ba. Shi ma kayan shigowa ne kamar yadi, kwinin, gishirin Ingila na wankin ciki, man zafi, mantaleta, da kwalaben maganin ƙarfin jiki da jaridun garin ke cike da tallarsu, yana bin layin bashin nan daga kamfani zuwa ɗan tebur har ya isa kasuwar ƙauyen da ba ta taɓa ganin likita ba.

Kuma jirgin da ke kawo kaya shi ke kawo cuta. A ranar 14 ga Satumba 1918 jirgin da ake kira Bida ya iso daga Gwalkwas, Gana ta yau, da fasinjoji masu mura, cikin makonni kaɗan ta kashe wajen mutum 1,200 a Ikko, ta hau dogo ta bi Abekuta da Badun har ta iso Arewa inda tsofaffi suka sa mata suna marisuwa, a Najeriya gaba ɗaya an ƙiyasta wajen rabin miliyan suka tafi.

Wadda ta fi shafarmu kai tsaye ita ce ta 1924. Tun ƙarshen ƙarni na 19 fataken goro suka gane cewa maimakon watanni a ƙasa da jakuna daga Gwanja, gara a loda goron a jirgin ruwa daga Ankara ko Sekondi na Gwalkwas a sauke a Ikko, Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan hanyar kafin ya dawo Kano ya kama gyaɗa, kuma da dogo ya haɗe sai hanyar ta zama babbar hanyar goro. A 1924 annobar ɓera, wadda ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓera ta sa wa mutum har kaluluwa ta kumbura a hantsa ko hammata, ta ɓarke a Sekondi da Kumasi, a tsakiyar shekarar kuma ta bayyana a Ikko, hukuma ta danganta shigowarta da cinikin goron, unguwar Oko Awo mai cunkoso ita ce ta fi shan wahala. Daga nan zuwa 1931 ta kashe sama da mutum 1,800. Abin da ya firgita gwamnati bai tsaya ga gawarwaki ba, in aka ayyana tasha a matsayin mai annoba duk jirgin da ya tashi daga cikinta sai a tsare shi a tashar gaba, ciniki ya tsaya, kwastan ya bushe. Nan da nan kuɗin da aka ce babu ya fito, aka ɗauki masu kamun ɓera ana biyan lada a kan kowane ɓera, ana feshin kaya, ana tare kwale-kwale da tashar jirgin ƙasa, ana killace mutane, ana ƙona bukkoki, ba a binne gawa sai likita ya duba. Ga Musulmi wannan na ƙarshen ya fi komai zafi, gawa ta kwana ana jiran Bature ko ma a yanka ta, shi ya sa mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiya ko su gudu da su cikin dare, da haka cutar ta tsallaka ƙasar Ijebu.

A 1928 aka kafa hukumar raya birnin Legas takanas saboda annobar, ta fara da rushe Oko Awo da kewayenta, aka buɗe sababbin filaye a Yaba a ƙetaren ruwa. Matsalar ita ce mai sayar da kifi ko ɗan dako da ke kwana kusa da bakin ruwa dan a nan abincinsa yake, in ka kai shi Yaba ka raba shi da kasuwa, kuɗin filin ma ba shi da shi, sai da yawa suka ƙara cusuwa a unguwannin da ba a rushe ba. Shi kuma goron teku dama ƙarshensa ya kusa, dan manoman Agege da Ota da Shagamu sun riga sun fara dasa irin na Gwanja, wanda har yau Yarabawa ke kira gbanja, cikin shekarun 1930 fatake suka koma sayensa a nan gida suna lodawa a jirgin ƙasa kai tsaye zuwa Kano, zangon Hausawa na Agege da Sabon Shagamu suka cika da masu ɗaurin huhu.